Hujin da Ke Ƙasan Gwiwar Inna

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Rabi mai atamfa ta unguwar Bromakoté, amma sai bana na iya tuna ranar ba tare da zuciyata ta tafasa ba.

A rumfarta ta kasuwar Adjamé ta yanke jiki ta faɗi, ana tsakiyar ciniki. Maƙwabtan rumfa suka sa ta a tasi, aka tsallaka gada da ita zuwa wani asibiti a unguwar Treichville. Ko da na isa an rufe ƙofar ɗakin da aka shiga da ita. Can sai ga wani likita ya fito, gumi sharkaf, ya ce zuciyarta ta tsaya, sun yi iyakar yinsu.

Wajen wankan gawa Goggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta jawo hannuna ta nuna mini wani ɗan huji a ƙasan gwiwar Inna, daidai kan ƙashin ƙwauri. "Ke Bilki, zuciya na ƙirji, me ya kai su ƙafa?" Kafin sadakar uku magana ta zaga unguwa, wai ɓargonta suka zuƙe don sun ga baƙuwa ce, ba 'yar ƙasa ba. Lokacin kuwa mu baƙi a ɗarare muke a garin nan, don haka na yarda. Wallahi ba mutuwar ce ta fi ci mini rai ba. Tunanin an wulaƙanta ta ne, matar da ko idon sawunta ba ta bari a gani.

Bana 'yata Zainabu, mai karatun aikin jinya, ta ji ina maimaita zancen. Sai ta ce, "Haba Mama! Ai idan zuciya ta tsaya, jijiyoyi kwanciya suke, allura ba ta samun hanya. Sai a huda ƙashi a tura magani ta ɓargo, a yi ta danna ƙirji har ya kai zuciya. Wanda ya yi wa Kaka wannan bai so ya sake ta ba ne."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da Inna na nan, na san sai ta fara yi wa yarinyar nan tsiya kan Hausarta da rabinta Faransanci ne, kafin ta zaga da ita rumfa-rumfa tana nuna wa mutane jikarta likita. Haka take, faɗa a baki, alfahari a ciki. Kuma ba ta kwana da bashin godiya, ko ruwa ka miƙa mata sai ta shi maka albarka.

Wannan halin nata shi ne gadon da ta bar mini. Ban san sunan likitan nan ba, ban san addininsa ba. Amma yanzu in na idar da salla na roƙa wa Inna gafara, ba na shafawa sai na ce: Allah, da mutumin nan mai gumi, ka saka masa da alheri.