Na tsinke ganyen da Makcik take zanawa

Ina miƙa mata tukunyar shukar, sai kawai ta zauna daɓas a bakin ƙofa.

Makcik, wato inna da Malayanci, maƙwabciyarmu ce a unguwar Danau Kota a Malesiya, aikinta zana wa masu bincike tsirrai. Da za ta tafi ƙauyensu ta bar mini wata shuka in riƙa ba ta ruwa. Ni kuwa a gona na tashi. Da na ga tsutsa ta ci ganye huɗu, na tsinke su, na fesa magani.

Yanzu da ta dawo, ta ce, "Ƙanina, ina ganyen nan mai huji?"

Na ce, "Ya lalace ai, Makcik. Na gyara miki."

Ta ɗauko wata takarda ta nuna mini. Wallahi ga ganyen nan a zane, kowane huji a mazauninsa, har da kashin tsutsar. Wata biyu tana kansa, saura rabi ta sa launi.

"Ba kyan shukar suke nema ba fa. Abin da ke cinta suke son gani."

Yanzu kullum da safe ina duba ganye, ina addu'ar tsutsa ta dawo. Manoman cikinku, akwai wanda ya san yadda ake kiranta?