Asabe da Zazzaɓin da Ba Mu San Sunansa Ba

Daminar bana ta cika shekara arba'in da takwas da rasuwar ƙanwata Asabe. Da shekara huɗu na girme ta, amma yanzu tsakaninmu ya haura hamsin, don ita ta tsaya a ashirin da uku, ni kuwa ga ni har gwiwa ta fara ƙin tashi. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, wani abu ne da na ji a bakin likita, wanda ya iso mini a makare ƙwarai.

A lokacin ba a daɗe da fara maganar ɗauke sunan garinmu a ba sabon babban birni ba. Mu Abuja muka tashi muna ce masa, Suleja bai zauna a bakinmu ba tukuna. Asabe tana aure a bayan gidanmu, mijinta Malam Sale tela ne a kasuwa, mutum mai sanyin hali. Ita kuma sana'arta tukwane. Matan Gwari kan kawo mata daga ƙauye, ta ɗauki kowace ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne, ta ware mai tsaga gefe. Tsakar gidanta cike yake da randuna da tuluna da kasake. Wasu a kife, wasu baki sama, idan an yi ruwa su tara, a bar su kwana da kwanaki. Ba wanda ya taɓa ganin aibu a nan.

Shekara huɗu tana jiran haihuwa kafin Allah Ya ba ta ciki. Yana wata bakwai, ana tsakiyar marka, zazzaɓi ya kwantar da ita. Na shiga da hantsi na tarar ta lulluɓa da zannuwa uku tana rawar ɗari.

Ta ce, "Yaya, ƙasusuwana kamar ana daka su a turmi. Har bayan idona ciwo yake."

Muka ce zazzaɓin damina ne, wa bai san shi ba? Malam Sale ya kai ta ɗakin shan magani aka yi mata allurar zazzaɓin cizon sauro. Da ciwon jiki ya ƙi sauƙi, ni da kaina na je kemis na sayo asfirin, ina ba ta safe da yamma da ruwan ɗumi. Abin da muka sani ke nan na ciwon kai da ciwon gaɓoɓi.

Rana ta biyar zafin jikin ya sauka. Ta tashi zaune, ta sha kunun tsamiya, har ta tambayi ko an zo sayen randa. Muka yi hamdala. Na ga jini a asuwakinta, na ce dasashi ne ya yi laushi saboda kwanciya. Na ga ƙananan jajayen ɗigo a hannuwanta, na ce ƙurajen zafi ne. Ta yi ƙorafin ciwon ciki da amai, muka ce ai mai ciki ba ta rabuwa da su.

Washegari da safe naƙuda ta taso, saura wata biyu lokacinta. Ungozomar unguwarmu ta zo, kafin azahar an haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, tafin hannu biyu ya ishe ta. Daga nan jini ya ɓalle. Ungozoma ta yi duk dabarar da ta gada, ta sake zane, ta sake wani, sai ta dube ni ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Kafin a samo a-kori-kura a ɗauke ta, leɓɓanta sun yi fari. A bayan motar kanta yana kan cinyata ta buɗe ido.

"Yaya, ta yi kuka?"

Na ce, "Ta yi."

"To, a lulluɓe ta sosai. Akwai sanyi."

A asibiti sun karɓe ta da gaggawa, aka ɗebi jinin mijinta za a ƙara mata. Ba a kai ga gamawa ba ta cika, ana kiran la'asar. Aka ce jinin haihuwa ne, muka ce kwana ne ya ƙare. Duka biyun gaskiya ne, kuma da su na zauna kusan rabin ƙarni.

Bara ne abin ya dawo mini. Yanzu a unguwar Kwamba nake, ina da 'yan haya, cikinsu akwai wata yarinya Fa'iza, 'yar Zariya, mijinta yana aiki Abuja, ya fita da asuba sai bayan magariba. Tana da ciki wata takwas zazzaɓi ya kama ta. Da na ji ta ce bayan idonta na ciwo, sai na tuna Asabe. Ban jira mijinta ba, na tare keke muka tafi asibiti. An gwada maleriya ba a samu ba. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta sa aka sake ɗibar jini, sannan ta kira ni gefe.

Ta ce, "Mama, dengi ake ce wa wannan. Sauro ne ke kawo shi, amma ba irin na dare ba. Wani ne mai ratsin fari a ƙafa, da rana yake cizo, kuma a ruwa mai kyau da aka bari a buɗe yake ƙyanƙyasa."

Ta yi mini bayani a hankali, cewa ranar da zafin jiki ya sauka ita ce ranar da ake fara tsoro, don a nan ne jini kan rasa ƙarfin daskarewa. Ga mai ciki kuwa, yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, ko a haifi jariri ƙarami, ko ya mutu a ciki, ko uwa ta yi ta zubar da jini bayan haihuwa. Ta ce ba shi da wani magani nasa na kansa, sai ƙarin ruwa da sa ido da tanadin jini. A ƙarshe ta ce kada a kuskura a ba ta asfirin ko danginsa, yana ƙara tsinka jini, farasitamol kawai.

Na nemi benci na zauna. Na ba ta labarin Asabe tun daga farko. Ta saurara har na gama, ta ce, "Mama, ba zan iya rantse miki ba, tunda ba a gwada ba. Amma ya yi kama." Ban san wanne ya fi nauyi ba, rashin sanin da na zauna da shi, ko wannan rabin sanin. Masu magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, ba su faɗa mana cewa wani hasken ma idan ya zo a makare ido yake kashewa ba.

Fa'iza ta haihu kwana shida bayan nan, an ƙara mata jini leda biyu, ɗanta ya yi mako biyu a kwalba. Suna nan lafiya, yaron har ya fara tafiya yana ɓarar mini da buta.

Nakan tambayi kaina me Asabe za ta ce da ta ga garin nan yau. Ba za ta gane hanyar gida ba. Za ta yi mamakin yadda roba ta kori randa, ta yi tsaki. Amma na tabbata za ta lura cewa mazubi kawai aka sauya, ruwan yana nan kwance. Famfo ba ya zuwa, kowane gida da durom da jarkoki a buɗe. Tsofaffin tayoyi sun taru wajen makanikai a Gauraka, kowace da ruwan sama a cikinta. Har yau mace mai ciki za ta yi zazzaɓi, a aika kemis, a ce maleriya ce ba tare da gwaji ba. Na gaji da faɗa a gidajen suna da na biki. Wasu su ji, wasu su ce tsohuwa ta fara. Ni dai nakan zaga gidana bayan kowane ruwa in kife abin da ya tara, in rufe na rufewa, don wanda ya taɓa ƙonewa ba a koya masa tsoron wuta.

Asabe ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Malam Sale ya bi ta shekaru da yawa da suka wuce, tukwanenta sun fashe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage ita ce jaririyar nan da ba wanda ya sa ran za ta kwana. Ina goyon ɗana a lokacin, sai na haɗa su a nono, na riƙa ɗaure ta a ƙirjina saboda ɗumi. Sunan uwarta aka sa mata, muna kiranta Marka. Yau malamar makaranta ce a Tafa, da jikoki biyu, kuma idan ta yi dariya sai na juya in ga wa ya shigo.

Na daɗe ina juya ko in gaya mata zancen asfirin. Da ƙaramar sallar bana ta zo gaishe ni, na zaunar da ita na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Sannan ta kama hannuna.

Ta ce, "Inna, abin da kike da shi kika ba ta. Ni ma abin da kike da shi kika ba ni. Allah ne Ya raba."

Ban ce na huta ba, amma na samu sauƙi. Allah Ya jiƙan Asabe, Ya sanyaya makwancinta, Ya sauki masu ciki lafiya, mu kuma Ya yafe mana abin da muka aikata da hannun ƙauna cikin rashin sani.