Sunan da Kellu Ta Faɗa Sau Ɗaya

A Damagaram, in ka tambayi gidan Alkasum ɗan Adam sai a yi ta kallonka, amma ka ce Alkasum Kunne, ko mai goron bakin tasha zai kwatanta maka lungunsu a Birni. Ba girman kunnuwa ne ya ja masa sunan ba, ko da yake ta nan ma Allah bai yi masa rowa ba. Shekara talatin da shida ya yi yana ɗaukar murya a reshen gidan talabijin na gwamnati. Ubansa baduku ne, ya so ya gaje shi, yaro ya ƙi zama gaban fata, ya koma gyaran rediyo a kasuwa. Wata rana 'yan tele suka zo daga Yamai suna neman wanda zai riƙe musu sandar mikro, ya riƙe, bai kuma sake ta ba.

Babu lungun ƙasar Damagaram da bai taka ba. Ya ɗauki masu algaita, ya ɗauki kalangun mahauta, ya zauna gaban tsofaffi suna ba da labarin yadda aka gina ganuwa, kowane yana ƙaryata ɗan'uwansa. Duk da haka ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a tele. Sau ɗaya kan sandarsa ya leƙo cikin hoto, ya sha faɗa har ya gode Allah. Masu kamara su ne 'yan gata, kullum suna yi masa tsiya da cewa gani ya kori ji. Shi kuwa sai ya ce su kashe muryar su gani, in ba kifaye cikin ruwa za su tarar suna motsa baki ba.

Mutum ne mai raha, amma akwai garin da in aka ambata sai ya yi shiru, wato Guna.

Shekara talatin da huɗu ke nan, bayan girbi, suka je can ɗaukar lugude, dakan nan da mata uku ke yi a turmi ɗaya, kowace ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Mai ba da waƙa wata dattijuwa ce, Kellu, jikar Barebari, mai murya kamar an wanke ta. Da aka gama, mata suka watse shan ruwa, mai kamara ya juya ta ƙasa ya bi su. Alkasum ya bar kaset yana tafiya, don al'adarsa ce ya ɗauki motsin gari na minti ɗaya ko biyu. Kellu ta rage ita kaɗai bakin turmi, ba ta san mikro na ji ba. Ranar kuwa 'yarta ta fari, Falmata, ta kwana biyu tana naƙuda a gidan mijinta a Hamdara.

Kowa ya san uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko da zuciyarta na ƙuna. Kellu ta riƙe wannan kunya fiye da kowa a Guna. Amma a wannan ɗan lokaci, tana buga taɓarya a hankali, ta rera wani baiti ƙasa-ƙasa, ta kira sunan 'yar tata ɓaro-ɓaro. Duk duniya Alkasum ne kaɗai ya ji, ta abin sauraren da ke kunnensa.

Ya yi wa matan alkawarin za su ga kansu a tele bayan Sallah. Aka canza wa shugaban shirin wurin aiki, kaset ya tafi ɗakin ajiya, shirin bai taɓa fita ba. Kafin damina ta zagayo Kellu ta rasu. Da ya je gaisuwa, ya ja Falmata gefe ya gaya mata abin da ya ji, yana zaton zai sanyaya mata rai. Ta dube shi ido cikin ido.

"Mai tele, Inna ko da kuskure ba ta taɓa faɗar sunana ba. 'Waccan' take ce mini har ta koma ga Allah. Kada ka yi wa mamaci ƙarya don ka faranta mini. In gaskiya ne, kawo in ji."

Ya ce zai kawo. To, injin kaset ɗin ya kai nauyin buhun gero, na gwamnati ne, Guna kuma ba wuta. Shef, wato shugaban reshensu, ya hana a fita da shi. Daga baya aka sauya injuna, tsohon ya lalace. Wannan duk gaskiya ne, amma a faɗi ta Allah, akwai kuma gobe da jibi irin na ɗan Adam a ciki. Mijin Falmata ya rasu, ta dawo Guna, ciwon yanar ido ya kama ta har ta daina gani. Alkawari kaya ne, kuma nasa kullum ƙara nauyi yake. Duk ranar da mota za ta bi ta Guna, sai ya nemi wani ya je a madadinsa.

Saura wata uku ya ajiye aiki, cikin tsakiyar bazara, wata matashiya mai suna Munira ta zo daga Yamai za ta haɗa shiri kan waƙoƙin matan Damagaram. Ta zo da takardar izni, da kwamfutar kwafe tsofaffin kasa-kasai, har da robar da tsohon injin ke buƙata. Alkasum ya kwana uku yana tayar da injin. Da ya ciro kaset ɗin Guna ya shinshina, gabansa ya faɗi. Zaren ya yi danƙo, ya manne da juna.

"Ɗiyata," ya ce mata, "wannan sau ɗaya zai ba mu abin da ke cikinsa. In ya wuce ta kan inji, fatarsa za ta goge, ba kuma na biyu."

Yana da dabararsa ta busar da irin wannan zare. Akwatin ƙarfen lefen matarsa Rakiya yake hawa da shi soro, ya sa kaset a ciki bisa tsumma, ya rufe, ya bar wa ranar Damagaram aikinta. Kwana huɗu cif ake so. Rakiya ta ce ita dai ta taɓa ganin ana shanya kuɓewa da kilishi, amma shanyar waƙa sai a gidanta. Ya aika Guna cewa a kawo Falmata ranar Juma'a, domin motar Munira Asabar za ta koma.

A rana ta uku, da la'asar, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, na farko a shekarar. Gari duka na murna, Alkasum na gudu a kan babur. Ya sauko da akwatin ɗigon farko na bugun murfinsa. Washegari rana ba ta fito ba sam. Ya taɓa zaren da ɗan yatsa, ya ji da sauran danƙo, ya rasa wanda zai gaya wa.

Da hantsin Juma'a Falmata ta iso gidan tele, 'yarta Zainaba na riƙe da hannunta, wato jaririyar da aka haifa a waccan naƙuda, yanzu ita ma uwar 'ya'ya huɗu. Aka zaunar da tsohuwa a kujera kusa da lasifika. Ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa ba.

"Mai tele, ka tsufa, na ji a muryarka. Ina abin?"

"Yana nan, Ya Falmata. Sai dai a can ƙarshe yake. Minti ashirin ne, sai an yi haƙuri."

"Na yi na shekara talatin da huɗu."

Munira ta matso kusa da shi ta rage murya. "Baba, ka san dai tele ce. In babu hoto, shef ko kallo ba zai yi ba. Hoton nan shi ne shirina."

Ya gyaɗa kai, ya yi bisimilla, ya danna.

Allon ya yi dishi-dishi, sai ga Guna ta da, da rumbuna da darni. Ga mata uku, ga taɓare na tashi sama, ga Kellu da ɗankwali mai ruwan bula, ta karkata kai tana ba da waƙa. Zainaba ta riƙe baki, ta shiga gaya wa uwarta abin da take gani. Falmata ta ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru. Munira kuwa idonta na kan kwamfuta, tana murmushi.

A minti na shida Alkasum ya ji abin da yake tsoro. Wani siririn ƙara ne, kamar kukan ɓera a bayan buhu, wanda ba kowa a ɗakin ya ji ba. Cikin injin akwai kai biyu: ɗaya mai juyawa da gudu, shi ke karanta hoto, ɗaya a tsaye, shi ke karanta murya a gefen zare. Zaren ya fara manne wa mai juyawar. In ya kama shi, zai nannaɗe shi ya yayyaga, hoto da murya su tafi tare. Ko ya kai minti goma, ko bai kai ba, Allah kaɗai ya sani, amma ashirin kam ba zai kai ba.

Ya kashe injin.

"Baba, me ka yi? Hoton lafiya lau yake."

"Ba zai kai ƙarshe ba."

"To a bar shi ya ba mu abin da zai iya. Ko minti uku ne a ƙara mini."

"Minti ukunki zai cinye nata."

Munira ta ce ita aka ba izni, kuma za ta rubuta a rahoto. Ya ce ta rubuta da kyau, sunansa Alkasum Adam. Ya kwance murfin injin, ya sa yatsu biyu ya ɗage zaren daga kai mai juyawa, ya bar shi a kan na murya kaɗai. A haka injin ba ya yarda ya ja, don haka sai da hannu. Ya soka alƙalamin bik a ramin faifan da ke naɗe zaren, ya ce mata ta ci gaba da kwafa. Ta tsaya jim, fuska a ɗaure, sannan ta danna.

Ya fara juyawa. Muryar da ta fito ta wani ƙaton namiji ce mai jin barci. Ya ƙara sauri, ta koma ta yarinya. Gumi ya keto masa.

"Wannan ba Inna ba ce," in ji Falmata.

Maganar ta soke shi, domin duk abin da ya wuce ya wuce ke nan. Yana gani da idonsa wani jan gari na zuba daga zaren yana taruwa a ƙasan inji, bayan kan kuwa zaren fari fat yake fita.

Sai ya ji tafi. Falmata ce, ta miƙe zaune, tana tafa hannu a hankali, uku-uku, daidai yadda taɓare ke sauka a turmin gidansu. Ya rufe ido, ya daidaita bugun da ke cikin zaren da na hannunta. Taɓarya ta hau kan tafi, tafi ya hau kan taɓarya, sai ga muryar Kellu ta tsaya da ƙafarta, tas, kamar tana bayan ƙofa.

Haka suka yi ta tafiya, makauniya na tafi, tsoho na juya bik. Faifan na cika, dole ya riƙa rage saurin hannu kaɗan-kaɗan. Kafaɗarsa ta ɗauki zafi, yatsunsa suka ƙage, bai isa ya canza hannu ba. Ladan ya yi kiran farko na Juma'a, ba wanda ya motsa. Sau biyu zaren ya yi tauri kamar zai tsinke, ya lallaɓa shi ya wuce.

Waƙa ta ƙare. Aka ji dariyar mata tana nisa, aka ji zakara, aka ji akuya. Falmata ta sauke hannuwanta a cinya. Munira ta kai hannu za ta tsayar da kwafa.

"Ya ƙare, Baba."

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya ci gaba da juyawa. Yanzu ba tafi, ba kiɗa, ba abin bi sai abin da hannunsa ya riga ya koya. Zaren da ya rage a ɗaya faifan bai fi kaurin farce ba. A karo na farko cikin shekarun nan duka, shakka ta kama shi. Ko kaset ɗin ya ƙare a ranar kafin ta rera? Ko kunnensa ne kawai ya ji, injin bai ɗauka ba? Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Sai taɓarya ɗaya ta buga, a hankali. Ta sake bugawa. Murya ta biyo, ƙasa-ƙasa, har sai da Munira ta ƙara lasifika.

"Turmi, rufa mini asiri,
tawa tana kan gwiwa.
Allah sauke ta lafiya,
Falmata, Falmata ta Kellu."

Tsohuwa ta juya fuskarta wajen lasifika, ta gyara mayafinta kamar yarinyar da aka kira daga tsakar gida.

"Na'am, Inna," ta ce.

Ƙarshen zaren ya zare daga faifai ya faɗo. Alkasum bai lura ba, yana ta juya bik ɗin, sai da Munira ta dafa masa hannu ta ce ta samu, duka ya shiga.