Ranar da Don Aurelio Ya Nemi Ribas

A garinmu Arrecifes, kafin a tambayi sunan mutum ana son a san abu guda: Ford yake bi ko Chevrolet? Gado ne, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Maƙwabta biyu za su sha shayinsu na ganyen mate da tsinken zuƙa ɗaya ranar Asabar, amma idan Lahadi ta yi aka kunna tseren motoci a talabijin, sai ka ga ba sa ga-maciji da juna. To a irin wannan gari ne Norberto Ledesma, mai gasa burodi, wanda kowa ke kira Beto, ya je neman auren Mirta. Mahaifinta Don Aurelio Mastrángelo ya tambaye shi wace mota yake bi, shi kuma ya buɗe baki ya ce, "Ai mota mota ce, in dai za ta kai mutum."

Da kabarin kakan tsohon ya zaga, da abin ya zo da sauƙi. Don Aurelio ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar motar hatsi ƙirar Ford, kuma a falonsa hoton Falcon, motar Ford, ne a sama, hoton bikin aurensa a ƙasa. An dai yi auren, don Mirta ta gaji taurin kan ubanta kaf. Amma tun daga ranar tsohon bai taɓa kiran surukinsa da suna ba. "Mai burodi, miƙo gishiri." "Mirta, gaya wa mai burodi ya matsa daga wutata." Aka haifi yara, yaran suka girma har suka fara aske gemu, Beto yana nan a mai burodi.

Beto yakan yi dariya idan an tsokane shi da zancen, amma abin yana cin sa a rai ƙwarai. Da maraici ya tashi, bai san mahaifinsa ba sai a hoto, kuma babu abin da yake so a duniya kamar wannan masifaffen tsoho ya dube shi sau ɗaya ya kira sunansa. Mutum ne mai sanƙo da sanyin hali, kekensa mai kwando shi ne motarsa, kullum gashin hannunsa fari fat da fulawa.

Ya haura arba'in da biyar lokacin da abin ya same shi. Ya kai burodi wata gona a bayan gari, sai ya hangi gindin wata mota ruwan lemo a rumfa, an jibga mata buhunan iri. Falcon Sprint ce ta shekarar saba'in da huɗu, da baƙin zane a gefe. Manomin ya sauke buhunan ya murza makulli don nishaɗi kawai. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, Beto ya ji ƙarar a ƙirjinsa kafin ta kai kunne. Nan take ya gane irin saɓon da ya yi a falon surukinsa shekarun baya. Abin da ya tara don gyaran rufin gida ya kwasa ya miƙa.

Mirta ta tsaya a ƙofa da hannu a ƙugu ta ce, "To madalla. In ruwa ya sauko sai mu kwashe yara mu kwana a cikinta."

Don Aurelio kuwa zagaya motar ya yi a hankali, ya shafa ƙofa, ya leƙa inji, ya shanshana mai.

"Mai burodi, wa ya zaɓa maka?"

"Ni na zaɓa, Don Aurelio."

"Ƙarya kake." Ya sake shafa ta. "Ranar gashin naman ƙungiya ni zan tuƙa ta. A gaban Vasco da ’yan Chevrolet ɗinsa."

Beto ya ce to, amma akwai abin da bai faɗa ba. Giyabos ɗin motar ya gama yawo. Ana sa giya uku sai ta tofar da ita, sandar ta dawo tsakiya da kanta, inji ya yi ta ihu a banza. Da gwiwa ya tokare sandar har ya kawo ta gida. Gashin ƙungiya kuwa shi ne taron shekara da ’yan Ford da ’yan Chevrolet ke haɗuwa a fili ɗaya, kowane ɓangare da teburinsa, a ci nama a ci mutuncin juna. Idan motar ta tofar da giya a hannun tsohon a gaban wannan taro, ai Beto zai mutu a mai burodi.

Ya bi gareji-gareji har garuruwan maƙwabta. Duk mai lafiyayyen giyabos irin na motar ya fi son ya sayar da ƙodarsa. Yana cikin wannan hali wata safiya ya kai burodi garejin Don Casimiro Urrutia, wato Vasco, tsohon bakanike kuma uban ’yan Chevrolet, wanda suke gaba da Don Aurelio tun suna makarantar firamare.

Vasco ya karɓi burodi ya ce, "Na ji amaryarka ta wuce jiya. Tana tofar da uku, ko?"

"Daga nan ka ji?"

"Duk unguwa ta ji, sai surukinka, shi da ma kunnensa ado ne." Ya yaye wani buhu a kusurwa. "Ga nawa nan, na Chevy, mai giya huɗu. Lafiyarsa ta fi tawa."

"Haba Don Casimiro! In sa kayan Chevrolet a cikin Ford? Ai kashe ni za a yi."

"Wa zai leƙa ƙarƙashi? Tano ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalminsa." Tano shi ne sunan da yake kiran Don Aurelio, saboda asalinsu Italiya.

"To nawa zan bayar?"

"Ko sisi. Ni dai ina so in ji Tano da bakinsa yana yabon giyabos ɗina a gaban jama'a. In na ji wannan, ko washegari a binne ni."

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi. Beto ya yarda.

Da tsakar rana suke aikin, lokacin da duk gari ke barci bayan cin abinci, ƙofar gareji a rufe. Beto ya shiga rami a karo na farko a rayuwarsa, baƙin mai yana ɗiga a sanƙonsa. Suka sauke tsohon giyabos da jak. Sabon ya ƙi zama, don ramukan noti ba su dace ba, sai da Vasco ya yanko farantin ƙarfe ya huda shi ya haɗa su aure. Ya rage tsawon farfela, ya goge tambarin da ke jikin giyabos ɗin, ya shafe shi da shuɗin fenti irin na Ford, yana yi yana waƙa. Da suka gwada ta a hanyar gona, giya ta riƙa shiga sumul, uku ta zauna daram.

Saura abu guda. A giyabos ɗin da aka cire, ribas yana hagu ne a ƙasa. A na Vasco yana hagu a sama. Beto ya ɗauko tsohon kan sandar giya, mai zanen lambobi irin na Ford, ya murɗa shi a kan sabuwar sanda don kada tsohon ya ga baƙon abu.

Vasco ya ce, "Wannan zanen fa ƙarya yake yi yanzu."

"Na sani. Ba zan bari ya nemi ribas ba. Duk inda zai tsaya, hancinta zai kalli hanya."

Vasco ya ce dabara ce mai kyau, ya juya baya yana goge sifana. Da Beto ya ga fuskarsa a lokacin, da bai yi barcin kirki ba.

Ranar gashi Don Aurelio ya sa farar riga da hularsa ta fita, ya karɓi makulli. Daga gida zuwa filin ƙungiya gaba ce kawai. Ya sa ɗaya, ya sa biyu, ya sa uku, ya lumshe ido kamar mai shan romo. A filin Beto ya nuna masa inuwar wata bishiya inda motar za ta fuskanci ƙofa, ya tsaya a nan. Ko gama fitowa bai yi ba ya fara kwarara murya.

"Vasco! Zo ka ga abin da ake kira giya! Shekara nawa, amma tana shiga kamar jiya aka ƙera ta. Ku naku sai an haɗa da addu'a da guduma!"

Vasco ya matso, ya kara hannu a kunne. "Me ka ce, Tano? Ban ji ba."

"Na ce duk ƙasar nan babu giyabos irin wannan!"

"Sake faɗa, don Allah, mutanena na baya ba su ji ba."

Ya sake faɗa, har da dukan bonet. Vasco ya ciro hankici yana share hawaye, ya ce hayaƙin nama ne.

Aka kira Beto ya yanka burodi. Kafin ya dawo, ’yan Chevrolet sun ce rana ta dame su, sun kinkimo dogon teburinsu sun dasa shi a inuwar bishiyar, daidai hancin Falcon. Vasco ne ya nuna musu wurin. Da aka ci aka ƙoshi, aka tafa wa mai gasa naman kamar yadda aka saba, sai Vasco ya miƙe ya ce, "To Tano, baki ba ya tuƙi. Ja da baya ka zagaya mana fili mu gani."

Beto ya taso da gudu. "Don Aurelio, bari in fitar maka da ita!"

"Mai burodi, ina jan mota da baya tun kafin a yaye ka. Matsa."

Ya shiga, ya tayar, ya ba ta wuta don jama'a su ji. Ya tura sanda hagu ya ja ƙasa, inda hannunsa ya saba, inda zanen ma ya nuna. Ya ɗora hannu a bayan kujera, ya waiwaya baya da ƙasaita, ya saki kuloci. Giya biyu ya sa. Motar ta yi tsalle gaba ta ɗauki teburin. ’Yan Chevrolet suka watse kamar kaji, kujeru suka kife, kwanon latas ya sauka a kan gilashi, burodin Beto ya bi ƙasa yana gangarawa. Inji ya mutu. Da aka tabbatar ba wanda ya ji ciwo, sai fili ya kece da dariya, har ’yan Ford.

Don Aurelio bai fito ba. Ya sake tayar da mota, hannunsa ya laluba, ya laluba, ya tura hagu ya kai sama. Ribas ya shiga. Motar ta ja baya a hankali ta tsaya. Ya dubi sandar, ya dubi Vasco da hankicinsa, sannan ya dubi Beto. Tsohon direba ne, ya san gidan da ake ajiye ribas a sama.

Gaba kura, baya sayaki. In ya faɗi gaskiya ya wanke kansa, amma surukinsa ya zama abin nuni a garin har abada. In ya yi shiru, ya zama tsohon da bai san gaba da baya ba, ga Mirta tsaye, wadda ta daɗe tana neman dalilin karɓe masa makullin tsohuwar motarsa.

Beto ya ga an kewaye tsohon ana masa dariya, zuciyarsa ta karye. Ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku saurara. Ba laifinsa ba ne, ni ne na..."

"Rufe mana baki, Norberto!" Tsohon ya fito ya maida ƙofa. "Wa ya sa da kai? Motarka lafiyarta ƙalau. Hannuna ne ya kuskure. Tsufa ne, kuma duk mai dariya yana nan tafe."

Sunansa kawai Beto ya ji. Bai ma ji sauran maganar ba.

Kowa ya juya ga Vasco, don an san ba ya barin irin wannan dama. Vasco ya daɗe yana kallon abokin gabarsa. Sannan ya naɗe hankici ya sa a aljihu ya ce, "Na sha gaya maka ka tsufa, Tano. Zo ka taya ni ɗaga tebur."

Da yamma Mirta ta miƙa hannu, mahaifinta ya zaro makullin motarsa ya ajiye mata a tafi ba tare da musu ba. Beto ya kawar da kai, don ya san abin da aka saya da makullin nan.

Shi ya tuƙa tsohon zuwa gida. Sun yi nisa, ganyen latas ɗaya yana maƙale a gilashi.

"Norberto."

"Na'am, Don Aurelio."

"Wannan kan sandar maƙaryaci ne. Cire shi."

"Gobe zan sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Na rantse zan nemo na Ford ko a ina yake."

"Ka taɓa shi in karya maka hannu." Ya gyara hula, ya zuba wa hanya ido. "Kuma in wannan tsohon bunsurun ya ji na faɗi haka, ka nemi wani surukin."

Suka iso kwanar gida. Beto ya rage gudu zai shiga layi, tsohon ya dafa masa hannu a kan sandar.

"Wa ya ce maka na gaji? Miƙe hanyar gona. Sake sa mata ukun nan in ji, ɗana."