Kuregen da Ya Ci Gyaɗar Iri

Guruf ɗin da muka buɗe a waya, mu jikokin Iya Delu, ba a cika wata doguwar magana a cikinsa ba. Sanarwar suna ce, sai ta'aziyya, sai hotunan yara ranar sallah. Ran nan sai Hajara, 'yar kawuna da ke aure a Bagwai, ta jefo tambaya: "Don Allah wa ya tuna ƙarshen tatsuniyar kurege ta Iya? Yarana sun dame ni, na kai tsakiya na kakare."

Ina karantawa sai na gan ni a tsakar gidanmu na ƙauye, can gabas da Tsanyawa. Bazara ce, ana jiran ruwan shuka. Bayan isha'i Iya takan sa a shimfiɗa tabarma kusa da murhu, ta tura kara biyu cikin ragowar wutar tuwo don mu ga hannunmu, sannan ta juye gyaɗar iri a tsakiya. Mu muna ɓara, ita tana tsince waɗanda suka motse. Sunan kakanmu na ci, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai dai ta ce, "Maigida, matso nan. Mijin da ba ya cefane ai sai ɓarar gyaɗa."

Tatsuniyar ba ta da yawa. Wata tsohuwa ce ta zuba irinta a tulu, ta liƙe bakin da laka. Kurege ya haƙo rami ta ƙarƙashi, ya huda gindin tulun, kullum ya zo ya ɗiba. Duk sanda ya miƙa hannu sai gyaɗar ta yi waƙa daga ciki. Iya ta rera da siririyar muryarta, mu kuma mu amsa: "Ni ta ƙasa ce, ba ta baki ba." A zama ɗaya sai mu amsa ya fi a ƙirga, kuma in ta ji muryar wani ta yi ƙasa, sai ta ce a sake.

Wana, Yaya Habu, shi ya fara turo saƙon murya. Ya ce da ruwa ya sauka tsohuwa ta buɗe tulu ta tarar da kurege a ciki, ta riƙe shi a wutsiya ta zane shi, shi ya sa har yau ba ya tsayawa in ya hangi mutum. Kowa ya ce haka ne.

Ni kuwa na ce atafau ba haka ba ne. Abin da na ji da kunnena shi ne, tsohuwa ta dubi kurege ta ga haƙarƙarinsa a waje, ta ce, "Yunwa ce, ba halinsa ba ne," ta sake shi. Malamin makaranta ne ni, na saba ni ke cewa an yi kuskure, ba a ce mini ba. Musu ya yi tsawo, har Yaya Habu ya rubuta cewa a littafi na karanto na zo ina yi wa maganar Iya ƙari. Wannan ta yi mini zafi, don Iya ce abin da na fi riƙewa a yarintata. Na mayar masa da cewa shi da barci yake yi tun kafin a kai rabi. Gaban ƙannenmu da 'ya'yanmu na faɗi haka. Daga nan har gaisuwar Juma'a da ya saba turowa ya daina.

Ranar kasuwar Tsanyawa na hau bas daga Bacirawa na nufi wurin Gwaggo Talatu, autar Iya, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yanta. Shaida na je nema, ba zan ɓoye ba. Na same ta tana tsince wake a faifai. Da na kwashe labari na gaya mata, ta yi dariya har da tari.

"Ta Habu ce daidai," in ji ta. "Haka Iya ke ƙare ta, kowa ya ji."

Na ce, "To tawa fa, Gwaggo? Ƙirƙira na yi ke nan?"

"Ba ka ƙirƙira ba. Kai kaɗai aka yi wa ita."

Ta ajiye faifan. Ta ce daminar da ta wuce kafin wannan bazarar ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗar nan da muke ɓara ita ce iyakar irin da ke gidan. Waƙar da Iya ke sa mu maimaitawa, don kada bakinmu ya sami sukunin tauna ne.

"Amma kai ka fi ta dabara. Baki na amshi, hannu na zubawa a aljihu, kwana da kwanaki. Ni na ga ragowar gyaɗar a aljihunka ranar da zan wanke maka riga. Na kai wa Iya na ce a gaya wa babanka, ka kuwa san hannun babanka. Ta ce in ja bakina in yi shiru. Ranar ta sallami kowa, ta ce Maigida ya tsaya ya taya ta kwashe ɓawo."

Sai abin ya dawo mini tas. Mu biyu ne a kan tabarma, wutar ta kusa mutuwa, ba ta ko dube ni ba tana ba ni ƙarshen nan. Tun daga ranar ban ƙara taɓa gyaɗar iri ba, amma ban taɓa sanin ta sani ba.

Gwaggo ta ce, "Da aka zo shuka irin bai kai ba. Kunya biyu ta bari fayau a gefen gonarta. Babanka ya tambaya, ta ce kurege ne ya yi mata ɓarna."

A bas ina dawowa kunya ta kama ni, har na kasa haɗa ido da kowa. Na tuna yaran da na fito da su gaban aji kan abin da bai kai wannan ba, ban tambayi ko ɗaya ko ya karya kumallo ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gyara ni ba tare da kowa ya ji ba, ni kuma na ɗauki abin da ta rufa mini asiri da shi na je ina ci wa wana fuska.

Sau uku ina ɗaukar murya ina gogewa. A na huɗu na tura wa guruf: "Yaya Habu, ka yafe mini, taka ce daidai. Hajara, ki ba yara tasa. Tawa ba a yi wa kowa ita ba sai ɓarawon, kuma ni ne."