Ranar da Na Naɗe Ƙosai da Takardar Baba

Ko na tsufa na koma tafiya da ƙafa uku, ba zan manta da ranar da na kusa raba Babanmu da aikinsa saboda ƙosai ba.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, ina 'yar shekara goma sha biyu. Baba yana aiki da wani ɗan kwangila mai fasa dutse wajen Maradun, shi ake aika sayen kayan inji. Rannan ya dawo Talata Mafara daga Kano da ƙaramin akwati na haƙoran injin huda dutse, na wani ƙarfe mai tauri da ake kira kabayid. Na ɗaga guda ɗaya, na ji kamar turmin Inna na ɗauka. Ya ajiye akwatin a ɗaki, da wata takarda mai kauri a kansa.

Ni kuwa ga ƙosai yana ƙona mini hannu. Na naɗe abina a takardar, na cinye, na goge baki, na yar.

Washegari Baba ya birkice gidan har kaji suka yi ƙaura.

"Malam, mi kake biɗa haka?" in ji Inna.

"Takardar shaidar haƙoran nan. Ita ke faɗin inda aka ƙera su, da awonsu, da taurinsu. A ido, jabu da na gaskiya duk ɗaya ne. In babu ita injiniya ba zai karɓa ba, a ce jabu na sayo, a sallame ni."

Na so in ɗora wa akuyarmu, don ta saba ɗaukar laifina. Sai na ga Baba ya zauna a bakin ƙofa ya cire hula. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na durƙusa na faɗi gaskiya, ina bankwana da kunnena.

Bai taɓa ni ba. A hankali ya ce, "Ina kika yar da ita, ɗiyata?"

Muka tone juji, ba ta nan. Sai ga Kaka ta fito tana cewa, "Ku bar wahal da kanku." Ashe ita duk takarda mai rubutu da ta gani a ƙasa sai ta ɗauke, ko da sunan Allah a ciki, ta soke a jinkar rumbu. Can muka samo ta, ta sha mai har ana hango mutum ta cikinta.

Da yamma Baba ya dawo daga wajen aiki, ya ba mu labari. Injiniya ya ɗaga ta ga rana, ya gwada lambarta da ta jikin akwatin, suka yi daidai. Daga nan ya shinshina, ya tambaya ko da yaji ake buga hatimi a Kano. Baba ya zaunar da ni kusa da shi yana dariya, ya ce, "Gobe kya tambaya."

Tun ranar na gane kaya ba ya iya rantsuwa da kansa, takarda ce ke tsaya wa mai gaskiya. Kuma na san da marina Baba ya yi, da tuni na manta.