Ruwan Famfo a Butar Mis Hembrow

Shekara ashirin da shida Doris Hembrow ta yi a gidan rediyonmu na Bristol, ba a taɓa jin muryarta a iska ba. Aikinta yin ƙarar abubuwa a wasan kwaikwayo. Kowace Lahadi da ƙarfe huɗu da rabi mukan sa wasan da aka ciro daga tsofaffin littattafan ban dariya, kai tsaye, babu ɗauka a faifai. In ƙofa ta buɗe a wasan, ita ce. In doki ya wuce, ɓawon kwakwa ne a hannunta. 'Yar mai gyaran agogo ce, ba ta yi aure ba, suna zaune da ƙanwarta Mabel. Ni kuwa ina bayan gilashi, a kan injin daidaita sauti.

Ƙa'idarta ɗaya ce: in za a zuba shayi a wasa, sai da tafasasshen ruwa.

"Ƙarar zubar ruwan zafi daban, ta ruwan sanyi daban," in ji ta. "Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san wannan ko idonta a rufe."

Wata Lahadi a Nuwamban 1961 muna wasan wani faston ƙauye da bishop, babban limamin coci, ya zo masa shan shayi. Saura kwata a fara na shigo, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf. Ga butarta a kan tebur, an lulluɓe ta da hular ulu, ba kowa a ɗakin. Na tsiyaye ruwan na haɗa wa kaina shayi, na cika butar a famfo, na mayar da hular. Na ce a raina, wa zai sani?

Da ta zuba wa bishop, na ji a kunnena kamar ana cika bokiti. Ta cika kofi biyun. Butar kawai ta tsura wa ido.

Kafin Alhamis wasiƙu sun cika kwando. Shugabanmu, Mista Garland, ya karanta wasiƙar wata mata daga garin Bath a ɗakin cin abinci: ita dai tun tasowarta ba ta taɓa jin an ba bishop ruwan famfo ba. Aka tuntsire da dariya.

"Doris, zumata," in ji Reggie, wanda ya fito a bishop, "gobe ki ƙara mini ƙanƙara!"

"Kai dai ka iya karatunka tukuna, tsohon banza," ta ce. Amma fuskarta ta yi ja.

"Me ya faru, Mis Hembrow?" Mista Garland ya tambaya. "Ko tsufa ya fara ne?"

"Laifina ne, yallaɓai. Ban taɓa butar na ji ba."

Ina zaune kusa da ita da biskit a hannu. Na ci gaba da cin abina. Bayan Kirsimeti aka mayar da ita ɗakin ajiye faifai, inda ta ƙarasa shekaru huɗun da suka rage mata na aiki tana share ƙura.

Sai a 1978 na iya zuwa gidansu a Clevedon. Mabel ta buɗe mini ƙofa ta ce, "Sai ka ɗaga murya fa, kunnen Doris ya tafi." Ta shige kicin.

Na zauna gaban Doris, na ce, "Mis Hembrow, ni na shanye ruwan nan." Ba ta ji ba. Na maimaita, amma a hankali, don kada Mabel ta ji.

"Mabel, me yake cewa? Kai, ya yi ƙiba!" Ta turo mini takarda da fensir. "Rubuta, ɗan nan. Da can ka iya rubutu mai kyau."

Na daɗe riƙe da fensirin. Sannan na rubuta: Lambunki ya yi kyau ƙwarai.

Ta karanta, ta yi murmushi, ta ce aikin Mabel ne. Na hau motar ƙarfe biyar da minti goma na koma gida.